Yadda Ake Hana Aiki Banƙarewa a Firintar 3D, da Yadda Ake Gyara Wanda Ya Riga Ya Banƙare

Duk wanda ya fara aiki da firintar 3D mai narka zaren roba, ba ya daɗewa sai ya gamu da wannan matsala. An sa aiki, shimfiɗar farko ta kwanta lafiya lau, can bayan an yi nisa sai a ga kusurwa ɗaya ta ɗago daga kan faranti, wato shimfiɗaɗɗen wurin da firinta ke gina aikin a kai. Wani lokaci abin ya tsaya a nan, aikin ya fito da gindi a karkace, in ka ajiye shi a kan tebur sai ya riƙa rawa. Wani lokaci kuwa kusurwar ta yi ta tasowa har bakin na'urar mai zubo roba ya yi karo da ita, ya tumɓuke aikin gaba ɗaya, ka dawo ka tarar da curin zare.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Roba in ta yi zafi buɗewa take yi, in ta huce ta tsuke. Firinta tana zuba ta a wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius ko fiye, kowace sabuwar shimfiɗa ta sauka a kan wadda ta riga ta huce, ta manne mata, sannan ta tsuke ta ja ta ƙasan zuwa tsakiya. Jan shimfiɗa ɗaya ba abin damuwa ba ne, amma idan suka kai hamsin ko ɗari ƙarfin ya taru, kuma a kusurwa yake taruwa, domin a nan ne jan ɓangarori biyu ke haɗuwa. Wanda ya taɓa ganin fatar da aka shanya ba a kafe gefenta ba ya san yadda take nannaɗowa tun daga baki. Saboda haka hanya biyu ce kawai gare ka: ko ka rage ƙarfin jan, ko ka ƙara ƙarfin da faranti ke riƙe aikin da shi. Duk matakan da ke tafe ɗaya daga cikin biyun nan suke yi.

Kayan da za ka tanada

- Sabulun wanke-wanke na ruwa da soso mai laushi wanda ba a taɓa amfani da shi ba
- Sinadarin aisofurofil (wani nau'in sifirit na goge-goge) mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko sama, da takardar goge-goge mai tsabta
- Farar takardar rubutu guda ɗaya
- Gam na sanda irin na liƙa takarda, wanda ruwa ke wankewa
- Rular ƙarfe
- Kilif irin na matse takardu, kamar guda huɗu
- Reza ko ƙaramar wuƙa, da sanfefa
- Abin rufe firinta, in za ka yi aiki da robobi irin su ABS, ASA ko nailan
- Ma'aunin zafi mai aunawa daga nesa, in da hali. In babu ba ya hana aiki

1. San robar da ke hannunka

Ba duka robobi ne halinsu ɗaya ba. PLA ita ce mai sauƙin kai, tsukewarta kaɗan ce. Ana narka ta tsakanin digiri 190 zuwa 220, farantinta kuma 50 zuwa 60. PETG tana tsakiya, baki 230 zuwa 250, faranti 70 zuwa 85. ABS da ƙanwarta ASA su ne masu taurin kai: baki 240 zuwa 260, faranti 95 zuwa 110, kuma aikin ABS mai tsawon milimita 200 yana iya tsukewa da milimita ɗaya ko fiye kafin ya gama hucewa. Nailan ma mai taurin kai ce, ga ta da shan damshin iska, sai an busar da ita kafin a fara. Waɗannan lambobi mafari ne. Abin da aka rubuta a jikin kwarkwaron zarenka shi za ka fara bi.

Idan abin da za ka buga ba zai zauna cikin zafi ba, kuma ba ka da abin rufe firinta, kada ka wahalar da kanka da ABS. PLA ko PETG za su biya maka buƙata.

2. Wanke faranti

A ganina wannan mataki ne aka fi rainawa, alhali shi ne ke warware yawancin banƙarewar PLA. Maiƙon yatsa, wanda ido ba ya gani, ya isa ya hana roba kama faranti. Kuma lura da inda hannu ya fi taɓawa: gefe da kusurwa, wato daidai inda babban aiki ya fi buƙatar riƙo.

Cire farantin bayan ya huce, ka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye sosai, ka goge da takarda mai tsabta. Daga nan a gefe kawai za ka riƙe shi. Tsakanin aiki da aiki sai ka riƙa gogewa da aisofurofil, amma a kan faranti mai sanyi, domin in da zafi sinadarin ƙafewa yake yi kafin ya narkar da komai. Ka sani fa aisofurofil ba ya maye gurbin sabulu. Idan maiƙo ya yi yawa baza shi kawai yake yi. Kada ka yi amfani da sabulun wanka ko na wanke hannu, yawancinsu akwai mai a ciki. Asiton kuma, wato sinadarin goge jan farce, ana iya goge farantin PEI (wata roba da ake rufe saman faranti da ita) mai santsi da shi jefi-jefi, amma ba a sa shi a kan mai kaushin nan, yana lalata rufinsa.

3. Daidaita faranti da tazarar baki

Nan ne za ka ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Kunna zafin faranti da na baki su kai inda za ka yi aiki, saboda ƙarfe ma yana motsawa in ya ɗau zafi, abin da ka daidaita da sanyi ba lallai ya tsaya ba. Goge ragowar robar da ke maƙale a bakin. Idan firintarka ta hannu ce, kai bakin kusurwa ta farko, ka zura takarda a ƙarƙashinsa, ka riƙa juya ƙullin da ke ƙasan faranti har ka ji takardar tana wucewa da ɗan gogayya, ba ta maƙale ba, ba ta kuma zame a banza ba. Kaurin takardar rubutu kusan milimita 0.1 ne. Yi haka a kusurwa huɗu, sannan ka sake zagayawa, domin in ka taɓa ɗaya sauran sukan motsa. A ƙarshe duba tsakiya.

Idan firintarka tana auna faranti da kanta, kada ka ɗauka an gama. Na'urar aunawar tana gano tudu da kwarin faranti ne, amma a firintoci da yawa kai ne za ka tsayar da tazarar Z, wato nisan baki da faranti a shimfiɗar farko.

Takarda kusantar da kai kawai take yi, ido ne ke yanke hukunci. Buga murabba'i mai shimfiɗa ɗaya tak, faɗinsa kamar santimita biyar, ka tsaya a kai kana kallo. In layukan sun fito a mulmule, akwai siririyar tazara tsakaninsu, kuma da ka ɓamɓaro shi sai ya warware zare-zare, bakin ya yi nisa, kuma wannan aikin ko shakka babu zai banƙare. In saman ya yi kaushi, roba ta taso a gefen kowane layi har farce yana kama ta, ko wani wuri ya yi siriri har kana hango faranti, to ka matse da yawa. Abin da ake nema shi ne layuka su haɗe su zama fata ɗaya mai sumul, in ka ja ta da hannu biyu ba ta rabuwa. Riƙa sauke bakin da milimita 0.02 zuwa 0.05 a kowane gwaji, ba fiye ba.

Idan tsakiya ya yi daidai amma gefe ya ƙi, ko akasin haka, ɗora rular ƙarfe a tsaye kan farantin ka leƙa ta ƙasanta. Haske in yana ratsawa, farantin ne da kansa ba miƙaƙƙe ba. Wanda ba shi da na'urar aunawa sai ya ɗora gilashi a kai ya matse da kilif, gilashi ya fi yawancin farantan ƙarfe miƙewa.

4. Ba faranti lokaci ya ɗau zafi

Lambar da allon firinta ke nuna maka zafin ƙasan faranti ne, inda aka liƙa na'urar auna zafin. Saman, musamman in gilashi ne, yakan gaza haka da digiri biyar zuwa goma, gefe kuma ya fi tsakiya sanyi. Don haka da zarar allo ya ce an kai, ƙara jira na minti goma kafin ka fara babban aiki. Ga ABS a cikin akwatin rufe firinta, minti ashirin ma ba su yi yawa ba. Mai ma'aunin zafi sai ya auna kusurwoyi ya ga gaskiyar lamarin.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi a nan shi ne su yi ta ƙara zafi suna zaton yawansa ne magani. PLA tana fara laushi a wajen digiri 60. In ka kai faranti 70 ko sama, gindin aikin ba zai taɓa yin ƙwari ba, sai saman ya ja shi yadda ya ga dama, ga kuma kumburin nan na ƙasa da ake kira ƙafar giwa. Ƙara digiri biyar-biyar, ka tsaya da zarar ya kama.

5. Saita shimfiɗar farko da fanka

Buɗe manhajar da kake yanka aiki da ita, wato mai raba zane shimfiɗa-shimfiɗa domin firinta, ko Cura ce, ko PrusaSlicer, ko OrcaSlicer, duk suna da waɗannan saituna. Da baki mai faɗin milimita 0.4, sa kaurin shimfiɗar farko tsakanin 0.2 da 0.28, mai kauri ta fi yafe ƙananan kurakuran faranti. Rage gudunta zuwa milimita 20 ko 25 a daƙiƙa, ka ƙara faɗin layinta zuwa kashi 120 cikin ɗari, ka kuma ƙara wa baki digiri biyar a wannan shimfiɗa kaɗai.

Fankar da ke hura wa aiki iska ta zauna a kashe a shimfiɗu biyu ko uku na farko, sannan ta riƙa tashi a hankali. PLA tana son fanka a cike bayan nan. PETG kamar rabi ko ƙasa da haka. ABS kuwa ko dai a kashe, ko a bar ta ƙasa ƙwarai. Kada ka rikita ta da ɗaya fankar mai sanyaya wuyan bakin. Waccan ba a kashe ta ko kusa.

6. Tare iska

Idan kullum kusurwa ɗaya ce ke ɗagowa, ka kuma tabbatar faranti a daidaice yake, duba abin da ke wannan ɓangaren. Sau da yawa taga ce, ko ƙofa, ko fankar ɗaki, ko na'urar sanyaya ɗaki. Ga PLA matsar da firintar ko kare wannan gefen ya wadatar.

ABS da ASA sai da rufi. Abin da ake so shi ne iskar da ke kewaye da aikin ta tsaya wajen digiri 40 zuwa 50, kuma zafin faranti kaɗai yakan kai ta can in akwatin a rufe yake. Wanda bai da akwatin saye yana iya haɗa nasa da allunan roba masu haske. Babban kwali ma yana aiki don gwaji, sai dai kwali makamashi ne: kada ya taɓa wani abu mai zafi, kuma kada ka bar ɗakin muddin firinta na aiki a cikinsa. In zai yiwu, bar akwatin wutar firinta a waje, kayan lantarki ba sa son zafi. Ka kuma tuna ABS tana fitar da tururin wani sinadari da ake kira sitairin, ba a buga ta a ɗakin kwana ko inda iska ba ta fita.

Idan rufi ya gagara sam, manhajojin yanka suna da saitin da ke gina siririn bango kewaye da aikin, yana tashi tare da shi yana tare masa iska. Yana cin zare, amma yana taimakawa. PLA kuma ba a kulle ta a akwati mai zafi. Zaren yakan yi laushi tun bai iso baki ba ya toshe hanya, don haka a bar mata ƙofa a buɗe.

7. Ƙara wa aikin gindin zama

Birim wata geza ce mai shimfiɗa ɗaya da ake bugawa manne da gefen aikin, tana ƙara faɗin wurin da ya kama faranti. Fara da faɗin milimita 5. Ga dogon aiki ko ABS kai shi 10 ko 15. Duba tazarar da manhaja ta bari tsakanin gezar da aikin: in ta yi yawa gezar za ta zauna daram, aikin kuma ya ɗago ya bar ta. Mayar da ita sifili ko milimita 0.1. Bayan an gama sai ka yage ta, ka bi gefen da reza.

Ni na fi son kunnen ɓera a kan aiki mai kusurwa huɗu. Ƙananan da'irori ne masu faɗin milimita 10 zuwa 20, kaurin shimfiɗa ɗaya ko biyu, ana ɗora su a kusurwoyi kawai, tunda can ne matsalar take. Ba sa cin zare, cire su kuma ba wahala. OrcaSlicer tana sa su da kanta. A sauran manhajoji kana iya zana su ka jera da hannu.

Raf kuma wata katifa ce mai shimfiɗu da yawa da ake bugawa a ƙarƙashin aikin gaba ɗaya. Tana cin lokaci da zare, tana bar wa gindin aiki kaushi. Ba na zuwa gare ta sai faranti ya lalace ko ya karkace ba yadda za a yi.

8. Gam

Da gangan na kawo shi nan baya. Mutane da yawa da gam suke farawa, su lafta shi a kan faranti mai datti da baki mai nisa, sannan su ce bai yi aiki ba. Bayan ka gama matakan sama, in har yanzu da saura, shafa gam na sanda siriri sau ɗaya a inda aikin zai zauna, ka bi da jiƙaƙƙiyar takarda ka baje shi, ka bari ya bushe da zafin faranti. In ya taru ya yi tudu, wanke ka sake. Feshin gashi ma yana kama gilashi, amma cire farantin ka fesa a waje, kada ya shiga sandunan firinta da fankoki. Faranti marar zafi kuma, shuɗin tef na masu fenti yana riƙe PLA da kyau. Masu ABS sukan narka guntayenta a asiton su shafa a gilashi. Yana riƙo ƙwarai, sai dai asiton yana kama wuta, ba a shafa shi a faranti mai zafi.

PETG tata matsalar daban ce. Takan kama gilashi da PEI mai santsi fiye da kima, har ta ɓalle guntun faranti wajen cirewa. A wurinta gam shamaki ne tsakaninta da faranti, kuma kada ka buga ta a kan waɗannan biyun babu shi.

Wani abin lura ga masu faranti mai lanƙwasuwa da maganaɗisu ke riƙewa: babban aikin ABS yana iya kama farantin gam-gam, ya ɗaga shi daga kan maganaɗisun su banƙare tare. Matse kusurwoyinsa da kilif, ka tabbatar bakin ba zai bi ta kansu ba.

9. Gyara daga zane

Idan kai ne mai zanen, rabin aikin a hannunka yake. Kusurwa mai kaifi ita ce ke tara ja. Zagaye ta ko da milimita 3 zuwa 5 ne, za ka ga bambanci. Rage cikon ciki zuwa kashi 10 ko 15 in ƙarfi ba dole ba ne, domin yawan roba yawan ja, kuma aiki mai ciko ɗari bisa ɗari shi ya fi kowanne banƙarewa. Dogon abu siriri, raba shi biyu ka haɗa daga baya. Ajiye aiki a tsakiyar faranti inda zafi ya fi daidaito. Akwai kuma zaren da aka cakuɗa da ƙurar kabon ko ta gilashi, tsukewarsa ba ta kai ta tsurar roba ba, amma yana cinye bakin tagulla, sai da na taurararren ƙarfe.

10. Bar shi ya huce

Aiki in ya ƙare kada ka yi gaggawar ɓamɓarowa. Gindinsa yana da laushi tukuna, hannunka ma zai iya lanƙwasa shi. Jira faranti ya sauko ƙasa da digiri 40. A kan gilashi da PEI sau da yawa za ka ji ɗan ƙas-ƙas, aikin ya saki da kansa. ABS kuma a bar ƙofar akwati a rufe har sai komai ya huce.

Idan kusurwa ta ɗago ana cikin aiki

Duba girman ɗagowar. In ɗan kaɗan ne, farce da ƙyar yake shiga, kuma gindin ba shi ne fuskar aikin ba, tare iska, rage fanka, ka bar shi ya ƙarasa. In da geza, dakatar da firinta ka danne gezar da tef mai jure zafi. Wasu sukan ɗiga narkakken gam na bindiga a gefen kusurwar. Yana hana ta ƙara tashi, amma ba ya mayar da abin da ya riga ya tashi. In kuwa ka fara jin baki yana gurzar aikin duk sanda ya bi ta wannan kusurwa, tsayar da shi. Ci gaba asarar zare ce, kuma in aikin ya tumɓuke narkakkiyar roba takan naɗe kan na'urar gaba ɗaya, cire ta kuwa aiki ne ja.

Idan aikin ya riga ya fito a banƙare

PLA ta fi sauƙin gyara. Zuba ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 a faffaɗan mazubi, ka tsoma gindin aikin kawai na minti ɗaya ko biyu. Da ka ji ya fara bin hannu, fito da shi ka ɗora a kan gilashi ko wani abu mai miƙaƙƙiyar fuska, ka aza masa nauyi daidai-wa-daida, kada ka ɗaga sai ya huce sarai. PETG sai ruwan ya kusa tafasa, tunda laushinta a wajen digiri 80 yake farawa, don haka a kula da hannu. ABS ba ta laushi sai wajen 105, tafasasshen ruwa ba ya isar ta. Ita sai bindigar iska mai zafi, daga nesa, ana kai da komo da hannu, domin in ka tsaya wuri ɗaya fuskar za ta yi ƙyalli ta kumbura. Handiraya tana iya PLA in siririn abu ne.

Farantin firintar ma kayan gyara ne. Ɗora gindin aikin a kansa, ka sa zafi ya ɗan haura inda robar ke laushi, ka aza nauyi, ka bar shi kamar rabin awa, sannan ka kashe ka bari ya huce a wurin. Kada ka sa roba a tandar da ake gasa abinci.

Wannan gyara yana da iyaka. Zafin da ya miƙar da gindi yana iya karkatar da ramukan kusoshi ya sauya awo, don haka abin da zai shiga cikin wani abu daidai, sake bugawa ya fi. In banƙarewar ba ta kai milimita ɗaya ba, manna sanfefa a kan gilashi ka riƙa goga gindin aikin a kai kana juya shi, har ya daina rawa a kan tebur.

Kafin ka sake buga babban aikin, yanko kusurwar da ta ba ka matsala ko ka zana doguwar sanda mai tsawonsa, faɗin santimita ɗaya, tsayin santimita ɗaya, ka gwada da ita. Sauya abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta zafin baki, zafin faranti, ƙarfin fanka da faɗin geza a jikin kwarkwaron zaren da ka yi nasara da shi.